Yafiyar da Inna Ta Hana Ni

Kaba ba ciwo ba ce da mutum zai zauna a majalisa yana ba da labarinta. Mai hawan jini yana da martabarsa, mai ciwon suga har lallaɓa shi ake yi, amma mai kaba sai dai ya ce "cikina ne ke damuna", jama'a su gyaɗa kai suna satar kallon inda bai kamata su kalla ba. Tawa a gonar rake na samo ta, ranar da na ga ya dace in nuna wa 'yan ƙwadago cewa malamin makaranta ma yana iya ɗaga dami. Na ɗaga, sun yaba, ni kuma na koma gida ina tafiya a tale.

Na daɗe ina jinyar kaina. Na sha saiwa, na sha sassaƙe, na sha wani baƙin ruwa na jarka da mai lasifika ke sayarwa a kasuwar Makarfi, wanda ya rantse yana maganin kaba da basir da shawara da rashin haihuwa. Ba zan ce ƙarya ya yi gaba ɗaya ba, don a shekarar mai ɗakina ta haihu. Kabar dai tana nan, har ƙiba ta ƙara.

Da abin ya kai ba na iya hawa babur sai na cije leɓe, na kai kaina asibiti a Zariya. Likitan yaro ne, da a ajina yake da na aike shi ɗebo alli. Ya sa na kwance tazuge, na kwance, ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Ya danna nan ya danna can, ya ce in yi tari, na yi. Sannan ya ce, "Baba, ƙaramin aiki ne wannan. Kullum muna yin irinsa." Ya sa mini rana bayan an gama kaka. Ya ce in daina shan na jarka, a auna jinina, in zo da wanda zai yi jinyata, kuma daga jajibirin ranar in na ci na dare kada in ƙara sa komai a baki.

Iyakar shirin da asibiti ya nema ke nan. Sauran shirin, wanda ya kusa kashe ni kafin a kai ga wuƙa, na mutanenmu ne.

Ban san wanda ya fitar da zancen ba, ko da yake mai ɗakina ta rantse ƙanwarta kaɗai ta gaya wa. Kafin mako ya zagayo zaurena ya zama wurin zaman makoki, sai dai mamacin ne ke shimfiɗa tabarma yana kawo ruwa. Kowa ya zo dubiya da tsarabar labari. Wannan ya san wani a Hunƙuyi da aka manta almakashi a cikinsa. Wancan yana da ɗan'uwa da aka yi wa allurar barci, har yau iyalinsa na jiran ya farka, a lahira. In sun gama sai su shafa addu'a su ce, "Amma kai kada ka sa komai a ranka, Malam." Na gode musu ƙwarai, don kafin zuwansu ban san akwai abin da zan sa a raina ba.

Gaskiyar magana, tsoro ya kama ni. Ba yankan nake tsoro ba, barcin nake tsoro. A kwantar da mutum a gusar masa da hankali, in ya ga dama ya dawo, in bai gani ba ya zarce. Ina cikin wannan hali Kawu ya zo, ƙanin mahaifiyata, mutumin da bai taɓa kwana asibiti ba amma ya fi kowa sanin yadda ake mutuwa a cikinsa.

Ya ce, "Kai, wanda za a yi wa aiki da mai tafiya aikin Hajji duk ɗaya ne. Ba a tafiya sai an sallami jama'a. Ka bi mutane gida-gida ka nemi yafiya. Ka fara da na nesa, ka ƙare da uwarka. In ita ta ce ta yafe, to ko me ya faru ka tsira."

Maganar ta shige ni. Na ƙudura a raina ba zan hau gadon nan ba sai na ji daga bakin Inna cewa ta yafe mini duniya da lahira. Na sauran mutane ƙari ne. Na sa farar riga, na hau babur ina cije leɓe, na fara zagaye.

Abin da Kawu bai gaya mini ba shi ne, neman yafiya kasuwa ce, in ka kai naka sai an tallata maka nasu. In ka ce wa mutum ya yafe maka, dole shi ma ya ce ka yafe masa. In kuwa ya tabbata ba za ka dawo ba, sai ya ga ga damar sauke kayan da ya daɗe yana ɗauke da su, a kan wanda ba zai samu lokacin yin fushi ba.

Na fara da maƙwabcina, wanda katanga ɗaya ta raba mu. Na ce ya yafe mini duk abin da na yi masa, da sani ko da rashin sani. Ya ce wallahi ban taɓa yi masa komai ba. Sai ya sunkuyar da kai, ya shiga zane ƙasa da tsinke.

"Malam, ka tuna ragon nan naka mai baƙin kunne, da ya ɓata ana saura kaɗan Babbar Salla?"

Na ce yaya zan manta, ragon da na bi kasuwanni ina cigiyarsa har takalmina ya tsinke.

"To, gidana ya shigo. Ka san lokacin an yi mini haihuwa, hannuna babu komai. Shi aka yanka ran suna."

Na tuna sunan sarai. Na je, na ci nama har na nemi ƙari, na ce masa ban taɓa cin rago mai daɗin wannan ba, a ina ya saya? Ya ce mini daga nesa aka kawo. Yanzu ga shi a gabana yana share hawaye da bakin riga, ni kuma da farar rigata ta mai shirin lahira. Me zan ce? Na ce na yafe, muryata na rawa. Ya ɗauka imani ne ya motsa mini.

A Likoro na sami yayan mai ɗakina a bakin rumbu ana zuba dawa. Shi ma bai bar ni na tafi hannu biyu ba. Injin ban-ruwana da ya taɓa ara ya dawo da shi a mace, wanda na je har shago na ci mutuncin bakanike a kansa, ashe shi ya tayar da shi babu baƙin mai, ya bar shi yana ta gurnani ya tafi ɗaurin aure. Na yafe masa. Daga nan dole na ƙara bakaniken a cikin waɗanda zan je wa, shi kuwa da na je sai ya ce ai shi ma ya taɓa cire mini sabon fulogi ya sa tsoho.

Abokina na Ikara, mai dillancin tumatir, shi bai da laifin da zai faɗa. Ya rungume ni, ya yi mini addu'a mai tsawo, ya rako ni har waje. Sai na ga yana zagaya baburina, yana latsa taya, yana leƙa tanki. Ya ce, "Ba fata nake yi ba, Allah ya sani. Amma in ta Allah ta kasance, ka bar wasiyya kada a sayar wa bare."

Mutum ɗaya ne ya yi mini dariya, wani abokin aikina Kirista, mutumin kudancin Kaduna da muka daɗe muna koyarwa tare. Da na ce ya yafe mini, sai ya tambaya ko canjin wurin aiki aka yi mini. Na gaya masa abin da ke tafe. Ya ɗaga rigarsa ya nuna mini tabo, ya ce, "Haba Malam! Irinsa aka yi mini, ban rufe mako ba na koma aji. Ka ajiye yafiyarka, akwai ranarta." Na fito ina jin haushinsa. Mutum na shirin mutuwa da gaske, wani na neman ɓata masa shiri.

Mai ɗakina kuwa ban ma rufe baki ba ta ce, "Na yafe. Ɗaga ƙafarka, ka taka zanen da zan sa a jaka." Tana ta haɗa filas da bokiti da buta da tabarma, kamar masu ƙaura. Saurin yafiyar ya ɗan dame ni. Daga baya na ga ta juya baya ta daɗe tana ninke zane ɗaya.

Ana jibi aiki na nufi Gubuchi wurin Inna.

Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna ta mutanen da ce, masu kunyar ɗan fari. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta yi zancena sai ta ce "yayansu", in tana fushi ta ce "wancan". A hannun kakata na tashi. Ƙannena suna hawa cinyarta, ni ko kallon ido da ido ba ta yi da ni. Ranar da na gama makarantar horon malamai gari ya cika gidanmu da murna, ita ta ɗauki ƙwarya ta tafi maƙwabta aron rariya. Na girma na san al'ada ce, amma sani bai hana yaro jin abin a ransa ba, kuma yaron nan bai taɓa fita daga cikina ba.

Na same ta a tsakar gida ta baza barkono a kan buhu tana tsince ruɓaɓɓu. Na durƙusa daga nesa.

"Inna, ina wuni?"

"Lafiya lau. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ya gajiya? Ya ƙafar?"

"Da sauƙi. Ya mutan gidan? Ya yaran?"

Muka bi gaisuwar har ƙarshenta, muka tambayi amfanin gona, muka tambayi awaki, duk idonta na kan barkono. Da abin tambaya ya ƙare na gyara durƙuso na ce, "Inna, jibi ne za a yi aikin. Na zo ki yafe mini duk abin da na yi miki tun ina yaro, wanda na sani da wanda ban sani ba."

Ta ɗauki wani barkono ta juya shi, ta jefar gefe.

"Ban yafe ba."

Na ɗauka kunnena ne. Na sake faɗa, na ƙara da don Allah don Annabi.

"Na ji ka tun farko, ba kurma ba ce ni. Na ce ban yafe ba. Akwai magana tsakanina da kai. Ka je a yi maka abin da za a yi, ka dawo ka same ni a nan."

"Inna, in kuma ban dawo ba fa?"

"To ka tafi da ita a wuyanka."

Ɓarawon rago na yafe masa, mai ƙona inji na yafe masa, mai jiran gadon babur mun rabu da addu'a. Matar da na zagaya ƙananan hukumomi uku don in ƙare a gabanta, ita ce ta ce a'a, ba ta ko ɗago kai ba. Na aika aka kira Kawu. Ya zo ya karanto mata falalar yafiya, ya kawo misalai. Ta bari ya gama, sannan ta ce, "Kai, ni na goya ka. Tashi ka ba ni wuri, kana tare mini rana a kan shanya." Kawu ya tashi.

Na koma Makarfi zuciyata a dagule. Na tono duk abin da zan iya tunawa, ko akwai laifin da ya kai a hana mutum yafiya a bakin kabari. Ban gano ba. Na ji tsoro, na ji fushi, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne tunanin ko dama can ba kunya ba ce, ba ta dai so na ne.

Ranar aiki na tashi da yunwa irin ta mai laifi. Dangin da suka rako ni suka baje a barandar asibiti suna cin waina da miyar taushe, don su samu ƙarfin tausaya mini. Aka ba ni wata riga mai ɗaurin baya, wadda duk wanda ya ɗinka ta bai san darajar magidanci ba. Aka tura ni a gado mai taya. Ina kallon silin yana wucewa, bakina na kalmar shahada, zuciyata na cewa wallahi ba zan mutu ba sai na ji wace magana ce.

Barcin da na sallami duniya saboda shi, ko shi ba a yi mini ba. Allura suka yi mini a gadon baya, daga cibiya zuwa ƙasa ya zama ba nawa ba, daga cibiya zuwa sama ina nan garau. Suka kafa ƙyalle a gabana. Ina ji likita da abokan aikinsa na gardamar ƙwallo a kan buɗaɗɗen cikina. Can ya leƙo ya ce, "Baba, an gama." Na ce an gama me? Ya ce aikin. Har na ɗan ji kunya, irin ta wanda ya yi sallama da kowa a tasha sannan mota ta ƙi tashi.

Sai 'yan dubiya suka dawo, zagaye na biyu. Ban taɓa ganin farin ciki mai kama da zaman makoki irin na maƙwabcina ba. Ya tsaya a ƙarshen gado yana cewa, "Alhamdu lillahi, wallahi mun ji daɗi," idonsa na neman ƙofa. Yayan mai ɗakina ya aiko da gaisuwa, ya ce aiki ya yi masa yawa. Na Ikara ya zo da kwandon tumatir, bai tambayi lafiyar babur ba, ni ma ban tayar ba. Yafiya kuwa an riga an yi, ba a karɓe ta. Har yau da maƙwabcina muke sallar asuba sahu ɗaya, kuma duk Babbar Salla shi ke fara aiko mini da cinya, ni kuma in fita in duba turkena kafin in ci.

Inna ba ta shigo ba. Da yammacin ranar aikin mai ɗakina tana zuba mini ruwan zafi ta ce, "Ka san Inna na nan tun safe?"

Na ce wace Inna?

"Inna dai. Tun kafin a shiga da kai take zaune a gindin darbejiyar can ta bakin ƙofa. Na kai mata waina ta ƙi ci. Na ce ta shigo, ta ce ita ba wurin kowa ta zo ba, idonta ta kawo a duba. Da na fita na ce mata an fito da kai lafiya, sai ta tashi ta kaɗe zane ta ce a kai ta tasha."

"An duba idon?"

"Wane ido? Matar da ke zura zare a allura?"

Da na samu ƙarfin hawa mota na tafi Gubuchi. Na same ta a wurin nan dai, wannan karon tana ɓarar gyaɗa. Muka gaisa har ƙarshe. Na ce, "Inna, ga ni na dawo. Wace magana ce?"

"Wace magana?"

"Wadda kika ce tana tsakaninmu."

Ta watsa ɓawo gefe. "Babu wata magana. Labari ya iso mini kana bin gari gida-gida, kowa na ce maka ya yafe, Allah ya kiyaye hanya. Na ga kowa ya sake ka. To in ni ma na sake, wa ya riƙe? Akuya ma in za a bar ta a bakin hanya ɗaure ta ake yi."

Na zauna a ƙasa ina kallon hannuwanta. Shekaruna sun haura hamsin, ranar ce ta farko da Inna ta faɗa mini da bakinta cewa tana so na, kuma da akuya ta kwatanta ni. Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu daban, ita kuwa ta yi kamar ba ta gani ba.

Na ce, "To yanzu ai sai ki yafe."

Ta ce, "Tana nan a ajiye. Ba ruɓewa take yi ba."

Daga nan abin ya zama wasa tsakaninmu, irin wasan da ba mu taɓa yi ba. In na je gaishe ta zan tashi, sai in ce, "Inna, ajiyata fa?" Ta ce, "Wancan dai akwai naci." In fito ina jin daɗi. Damuna ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, muna haka.

Rannan da hantsi, ana tsakiyar yankan rake, ƙanena ya kira ni a waya ya ce Inna na nemana. Na tambaya ko jikin ne, ya ce lafiyarta ƙalau, da safe ma ita ta share tsakar gida. Na je na same ta zaune a bakin ƙofar ɗakinta, ta yi wanka ta sa zanen da take zuwa Idi da shi, babu barkono babu gyaɗa a gabanta. Na durƙusa daga nesa yadda na saba. Ta ce in matso. Na matso, ta ce in ƙara. Sai ta ɗago kai ta dube ni ido cikin ido, ta ɗora hannu a kaina, ta kira sunana. Ban san haka yake a bakinta ba.

"Abin nan da ka zo nema, na yafe maka duniya da lahira. Ba ka taɓa yi mini komai ba. Ni ma ka yafe mini."

Na san wannan kasuwar, na ci ta gida-gida. Na san wanda ke fara neman yafiya, na kuma san dalilinsa.

Na ce, "A'a, Inna. Ki riƙe abarki, ni ba sauri nake yi ba. Kuma ni ban yafe ba. Akwai magana tsakanina da ke."

Ta yi murmushi, hannunta na kaina.

Ta ce, "Wannan dabarar tawa ce, kuma a kan 'ya'ya kaɗai take ci. Ka ce ka yafe, ina sauraro."

Na faɗa.